Eriya a Ƙofar Gidan Surukina

Ko komai zai shige mini duhu saboda tsufa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaura wa motar Alhaji oba-oba ba. Lokacin soja sun ce za su miƙa mulki ga farar hula, gari ya rikice da kamfen. Alhajin nan na Gwammaja yana neman kujerar majalisa, ya sayo oba-oba guda biyu, wato rediyon nan mai magana ta kai ta dawo. Ɗaya a ofishinsa, ɗaya a a-kori-kurar kamfen mai lasifika a ka. Ni ne mai gyaran wayar motocinsa, sai aka ce in haɗa.

Takardar bayanin da Turanci take, ni kuwa a aji biyu na yi sallama da boko. Na juya ta gaba da baya, na shimfiɗa ta na zauna a kai. Na huda rufin mota na kafa eriya, doguwa kamar sandar kakkaɓo mangwaro. Wutar kuma na jawo ta kai tsaye daga batir, don ko an kashe mota ta ci gaba da aiki (wannan dabarar har tafa wa kaina na yi). A bayan dashbod na tarar da wasu wayoyi, na bi kala: ja da ja, baƙi da baƙi. Ashe na lasifikar kamfen ne.

Alhaji ya ce in yi nisa da motar a gwada, direbansa Ɗanladi ya zauna a ofis ya kira ni. Ɗanladi kuwa taubashina ne, bakinsa ba birki. Duk faɗin Kano sai na zaɓi Kabara, ƙofar gidan surukina. Malam (har yau sunansa ba ya fitowa daga bakina) bai taɓa ɗaukar sana'ata da daraja ba, "mai ƙulle-ƙullen waya" yake ce mini. So nake ya ga 'yarsa ba ta faɗi ba. Kafin in tashi na zazzage wa Ɗanladi duk abin da ke cikina, har da ƙari.

Na isa bayan la'asar, majalisa ta cika da dattawa. Na faka inda kowa zai ga eriya, na kashe mota, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa. Malam ya fara amsa gaisuwa ke nan sai rufin mota ya yi gyaran murya.

"Oba-oba. Kai bawana, kana ji na? Ka isa wajen tsohon?"

Har tsakar gidaje aka ji. Mata suka fara leƙowa ta zaure. Ni kuwa ina durƙushe, kuma kowa ya san ba a miƙewa a bar suruki da gaisuwa a baki. Malam bai ko dubi motar ba. Ya tambaye ni iyali, na ce lafiya. Ya tambayi aiki, na ce da godiya.

Ɗanladi da ya ji shiru sai ya gyara zama. Ya kama sunan Malam, gatsal, ba ko sakayawa, ya tambaya ko ya tashi daga buzun nasa ya zagaya motar kamar yadda na rantse zai yi. Malam ya tambaye ni ya muka ji da zafi. Ya tambayi mahaifiyata, da ƙafarta, da maƙwabtanta. Tunda nake ban taɓa ganin ya ja gaisuwa haka ba.

"Ka duba mini," in ji rufin mota, "da gaske ne goro ɗaya yake fasa wa majalisar tasa kaf? Kai ka ce rabonka a ciki bai kai farce ba."

Wani dattijo ya cusa fuska cikin rawani, yana ɓoye dariya. Da Malam ya sallame ni na ruga da gudu ba takalmi, na murɗa wannan na danna wancan, ƙarar ma ta ƙaru. Sai da na buɗe gaban mota na fizge kan batir.

Malam ya yafito ni, na koma na durƙusa. Ya sa hannu a aljihu a hankali ya zaro goro fari, ƙato, ya ɗaga shi yadda kowa zai gani.

"Ungo, injiniya. Guda ne, duba da kyau."

Na karɓa da hannu biyu. Daga ranar har Allah ya yi masa rasuwa, ban taɓa zuwa gaishe shi ba sai ya ba ni goro guda a gaban mutane, bai kuma taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba. Darajar da na je nema dai na samo ta, amma irin wadda ake karɓa kai a sunkuye.

Yanzu in na haɗa waya, ko ta fitila ce, bayan gari nake fita in gwada ta. Cikina kuma ba na buɗe wa taubashi, sai in na tabbata babu komai a hannunsa.