Liƙina a Alƙahira

Ni fa waƙoƙin wasan kwaikwayon nan na haddace su tas a wayar jikata Ummi kafin mu je kallo. Ta ce, "Hajiya, nan shiru ake zama." Na ce yau na fara ganin mawaƙi?

Jarumin ya ɗauko waƙar da nake so, ba wanda ya motsa. Marowata! Na haye dandamali, na manna masa kuɗi a goshi, na rangaɗa guɗa. Masu gadi suka yo kaina za su fitar da ni. Sai matan Masar suka amsa guɗar, wuri ya ɗauki tafi, dole suka ƙyale ni.

Har yau in Ummi ta yi atishawa, sai ta miƙo min goshi ta ce da Larabcin Masar: "Yalla, Hajiya, a yi liƙi."