Gaisuwar Suruki a Bakin Ruwa

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga gasar iyo ta farko ba, ina ɗan shekara arba'in da bakwai, da tumbina da komai.

Likita ne ya jefa ni cikin harkar. Zaman shagon kayan waya a unguwar Rusaifa, nan Makka, ya cinye mini baya, ya ce ko iyo ko tiyata. Na zaɓi iyo (ni da ko wanka ba na bari ruwa ya shiga mini hanci). Wata tara ina shan ruwan wurin iyo na kulob ɗin unguwarmu, har ranar da Kyaftin Fahad, mai koya mana, ya dube ni ya ce, "Ya Abu Hafsa, halas, shi ke nan, ka isa shiga mita ɗari huɗu."

Wayyo daɗi! Mita ɗari huɗu fa, tafiya takwas daga bango zuwa bango. Ba gudun tsiya ba ce irin ta samari, aiki ne na mai numfashi da lissafi. Sau ɗaya ake gasar a shekara, kuma ukun farko a rukunin 'yan sama da arba'in su ne za su je ta Jidda. Na ƙwallafa rai a kan Jiddar nan. Ko caja mutum ya zo saya, sai ya ji labarin kafin ya fita.

Kyaftin ya karanta mana ladubban wurin har muka haddace. In alƙali ya busa dogon usur, ka hau dakalin tashi, kowa ya yi tsit, har 'yan kallo. In ya ce a shirya, ka sunkuya, kada ko gira ta motsa sai ƙara ta tashi. Wanda ya faɗa ruwa kafin ƙarar ta tashi ya fita ke nan, babu a yi haƙuri.

Mutum ɗaya na ɓoye wa: surukina, Baba Sidi na unguwar Hindawiyya. Shekara ashirin ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa tsayawa gabansa babu hula ba. To ina zan kai kunyar ya gan ni cikin matsattsen wando iya gwiwa da hular roba? Ashe uwar Hafsa ta riga ta fesa masa a waya (wai don ya sa ni a addu'a).

Ranar gasa na samu layi na ƙarshe, dab da kujerun 'yan kallo. Aka busa usur, muka hau mu takwas. Wuri ya yi shiru. Alƙali ya ce a shirya, na sunkuya, yatsuna a bakin dakali.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan tayil, sannan murya a gefen kunnena, tas da ita:

"Salamu alaikum. Abu Hafsa, kai ne nan? Ina kwana, ya iyali?"

Jama'a, ku faɗi gaskiya, wane Bahaushe ne surukinsa zai yi masa sallama ya ci gaba da juya masa baya, kuma a sunkuye? Kafin kaina ya yi tunani, jikina ya riga ya yanke hukunci. Na juyo, na kai hannu ƙirji, na nemi durƙusawa a kan dakalin da bai fi faɗin faranti ba. "Wa alaikumus..." ban kai ƙarshe ba. Tinjim! Da ciki na sauka.

Da nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ina cikin ruwa na ji ƙara sama-sama, sai na ɗauka an tashi. Na ce to Allah ya rufa asiri, na dage na kama iyo. Na leƙa dama, ba kowa. Na taɓa bango na juyo, har yanzu ba kowa. Wallahi wani irin farin ciki ya cika ni, na ce yau ni ne a Makka! Ga ihun mutane ina ji, ga usur ba ƙaƙƙautawa, na ɗauka duk kirari ne. Har na fara tunanin rigar da zan sa zuwa Jidda.

Sai da na dawo bangon da na baro na ɗago kai don jan numfashi, na ga ƙafafu. Mutum bakwai a tsaye, a bushe, hannu a ƙugu, suna kallona. Kyaftin Fahad ya dafe kai da hannu biyu. Alƙali ya sunkuyo ya ce cikin ladabi, "Ma'alesh ya ammi, yi haƙuri kawu, fito."

Na fito ina ɗigar ruwa, na naɗe da tawul har wuya, na je na durƙusa gaban Baba, na ƙarasa gaisuwar da ta ci mini wata tara. Idona ya ciko, ba na ɓoyewa. Shi kuwa fuskarsa sai annuri.

"Mabruk! Ma sha Allah, tabarakallah," ya ce. "Da idona na gani, ka je ka dawo, su ko shiga ba su yi ba. Tsoron ruwa suke ne?"

Ina ni ina gyara wa suruki magana?

Aka yi gasar ina zaune kusa da shi, wasu uku suka tafi Jidda. Baba kuma ya koma Hindawiyya ya baza labari, har yau in na kai ziyara dattawa kan tare ni a ƙofar masallaci suna mini barka da zuwa na ɗaya, ni kuma in sunkuyar da kai, su ce dubi tawali'u. Darasin da na koya shi ne, bana in zan shiga, tun asuba zan je har gida in gaida Baba, in tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, kada in rage masa ko mutum guda da zai biyo ni da shi bakin ruwa.