Rasuwar Mai Kallon Sama, Farantin Bayan Sito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da ya gaji da ɗaga kai, tsohon dilan taki da irin shuka na ƙarshen layi yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar farantinsa na tauraron ɗan'adam, wanda mutanen gida suke kira Mai Kallon Sama. Ya rasu ranar Talata da hantsi a bayan sito, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa.

Marigayin ya zo ne a bayan motar kamfanin takin, tun zamanin da mai son buga waya a garin sai ya hau tudu. Injiniyoyi suka kafa ƙarfe, suka zuba siminti, suka yi ta juya shi a hankali har 'yar na'urarsu ta yi wani siririn kuka, tiiiit. Nan suka ɗaure shi tamau, suka ce kada kowa ya taɓa. Tun daga ranar bai ƙara waiwaye ba. Wuri guda yake kallo a sama, inda aka ce tauraron yake tsaye.

Dila bai yi nisa a boko ba, amma ya gane aikin marigayin sarai. In an sayar da buhu, akawu ya danna kwamfuta, maganar ta bi igiya zuwa faranti, faranti ya harba ta sama, tauraro ya sauke ta a kan uwar farantai da ke hedkwata. Can ake sanin abin da ya fita da abin da ya rage, kafin sito ya bushe mota ta iso. Ko reshen garin gaba, wanda babur yake zuwa ya dawo kafin rana ta take, ba a magana da shi kai tsaye, sai an kai wa uwa ta juyo da saƙo. Dila yakan ce bai taɓa ganin 'ya'ya masu tarbiyya haka ba, babu mai gulma da ɗan'uwansa a bayan idon uwa.

Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa ƙaryar an yi masa rasuwa a ƙauye ba. Laifinsa biyu ne. In hadari ya haɗu yakan ɗauke wuta sai an gama ruwa. Sannan akwai nauyin baki: ka ce alo, ya yi shiru kamar mai nazari, sai kai da manajan hedkwata ku fara magana tare, ku yi shiru tare, ku ba juna haƙuri tare. Dila ya yafe masa, don wanda yake kai saƙo sama ya dawo bai kamata a yi masa gaggawa ba.

Asalin ciwon kuwa, a shekarar da aka kafa shi uwar 'ya'yan Dila ta shuka ƙwallon mangwaro a gaban farantin, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Ta ce, "Maigida, ga naka ga nawa, mu ga wanda zai riga wani gajiya." Ita ce ta riga su duka. Allah Ya jiƙanta. Bishiyar ta ci gaba da tashi, ba ta san an yi mutuwa ba.

Daga baya fitilun akwatin da ke haɗa faranti da kwamfuta suka fara kyaftawa, rasit ya riƙa maƙalewa a tsakiya. An sake igiya, an zargi janareta, an zargi akawu. Da injiniya ya zo, ya tsaya a bayan faranti ya bi kallonsa da ido, sai ya ce, "Baba, lafiyarsa lau. An tare masa gaba ne." Aka rage rassan bishiyar, damina ta mayar da su ninki. Ƙarshe injiniya ya ce ko dai a sare ta daga tushe, ko a ɗaga marigayin kan rufi, shi kuma bai ɗauki alkawarin tsohon ƙarfe zai jure ba. Manaja ya bugo da kansa ya ce kamfani ba ya riƙe reshen da ba ya gani. Babban ɗan Dila ya zo da mai zarto har gindin bishiya. Dila ya ba mutumin ruwa ya sha, ya raka shi bakin ƙofa.

Aka zaɓi rufi. An kusa kaiwa, tsatsa ta ci amanar ƙusa, igiyar da ake jan sa da ita ta zame. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙwaram. Injiniya ya shafa lanƙwasar da tafin hannu, ya ce farantin da ya lotsa ba ya ƙara tara saƙo, irinsa kuma kamfani ya daina kawowa. Dilancin ya koma wani shago a bakin babban titi, inda wayar ƙarƙashin ƙasa ta bi.

Ya rasu ya bar akwati mai jar fitila ɗaya, da kwamfutar da ba ta da wanda za ta gaya wa komai, da akawu mai neman aiki, da 'yan'uwa farantai a rassa masu nisa waɗanda ba za su ji labarin ba sai uwa ta faɗa musu. Ya bar sito mai amsa kuwwa, da tsoho mai buɗe shi kullum da safe don hannu ya saba.

Za a yi masa makwanci ranar Asabar da safe. Ba za a kai shi wurin 'yan gwangwan ba. Za a kwantar da shi a gindin bishiyar, fuskarsa sama yadda ya saba, a cika shi da ruwa don tsuntsaye, kamar yadda mai bishiyar take ajiye musu a tsohuwar tasa. Za a karɓi gaisuwa a bencin gaban sito. Mai adda ya bar ta a waje. Kada kuma wani ya tambayi Dila ko ya yi da-na-sani, an riga an tambaye shi, ya ce bana ta yi 'ya'ya har rassa suna taɓa ƙasa, kowa ya zo da jaka.