Rasuwar Mailafiya, Firjin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma maƙogwaro a bushe, ni Larai, a madadin maigidana Malam Barau da ɗaukacin iyalan gidanmu da ke Limawa a cikin garin Dutse, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa shan ruwan sanyi a hannunmu rasuwar firjinmu, wanda aka fi sani da Mailafiya. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kusurwar falon da ya saba tsayuwa, bayan gajeriyar jinya. A tsaye ya cika, kamar yadda ya yi rayuwarsa duka.

Ba mu san shekarar haihuwarsa ba, ba mu kuma san ƙasarsu ba. Akwai wani rubutu a bayansa, amma tun kafin ya zo hannunmu tsatsa ta cinye rabinsa. Abin da muka sani shi ne Malam ya saye shi na hannu a Kano, wurin wani ɗan kasuwa da zai koma garinsu. A lokacin fari ne fat. Daga baya ya koma ruwan madara, a ƙarshe kuma ya ɗauki wani launi da har yau ba mu samo masa suna ba. Gajere ne mai jiki, ƙofarsa ɗaya, nauyinsa kuwa sai ƙarti sun taru suke iya gusar da shi.

Marigayin yana cikin waɗanda suka zo Dutse tun farko. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka ce ma'aikata 'yan asalin wannan yanki su tattara su dawo gida, Malam yana cikinsu. Muka loda kayanmu a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, aka ɗaure firjin da igiya a can ƙarshe. Mun wuce Wudil kaɗan motar ta faɗa wani rami, igiyar ta tsinke, sai ganinsa muka yi a kwance a gefen titi. Ni dai na riga na fara yi wa Malam jaje. Da muka iso aka tashe shi tsaye, aka bar shi ya huta, aka jona shi da wuta. Sai kuwa ya ce, "Gurrr... zuuuu." Tun daga ranar yake ɗauke da lotsawa a kafaɗarsa ta hagu, tun daga ranar kuma muke kiransa Mailafiya.

Waɗanda suka san Dutse a wancan lokaci za su tuna yadda masauki ya yi wuya. Ɗaki ɗaya da rumfa muka samu, mu da yara da shi. Bai taɓa ƙorafin matsi ba. A kansa muke ɗora rediyo da fitila da kwandon magani, a jikinsa yara suke jingina idan zafi ya ishe su. Azuminmu na farko a garin ya faɗo a tsakiyar bazara, firji kuwa a layinmu shi kaɗai ne. Da la'asar ta yi sai ka ga kofuna da kwanoni sun fara shigowa daga maƙwabta. Wutar kan zo ta tafi yadda ta ga dama, amma in dai ta ba shi rabin yini, to za a sha ruwa da ƙanƙara a gidaje da yawa. Matan da a yau nake kira aminaina, yawancinsu a bakin ƙofarsa na san su.

Mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Ya riƙe naman layya, ya riƙe miyar da aka ce a ajiye wa Malam, ya riƙe zoɓo da kunun aya da fura da nono. Bai taɓa haɗa warin daddawa da ruwan sha ba sai in mu muka manta ba mu rufe ba. Idan aka ɗauke wuta yakan saki wata ajiyar zuciya, "Tsak... hmmm," ya yi shiru. Idan aka dawo da ita, kafin ƙwan fitila ya kama shi ya riga ya sanar, har ta kai maƙwabta ba sa duba nasu ƙwan, kunne suke kasawa ta katangarmu.

Ba za mu ce ba shi da aibi ba, domin ba a yi wa mamaci ƙarya. Yana da ɗan zafin rai. Duk wanda ya taɓa marfinsa da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi, zai ja shi ja ɗaya mai kyau. Ba ya duba babba ko yaro. Ya ja Malam, ya ja ni, ya ja wani baƙo daga Miga har ya zubar da kofin da ke hannunsa ya fita tsakar gida yana salati. Amma ta wannan hanya 'ya'yanmu Nana Aisha da Faisal suka koyi sa silifa, abin da na yi shekaru ina faɗa ba su ji ba.

Babban aikin da ba za mu manta masa ba shi ne wanda ya yi wa Dada, mahaifiyar Malam. Da ta fara zuwa daga Aujara ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Ta ce ruwansa yana kashe haƙori, ta ce abin da yake gurnani ba tare da an taɓa shi ba bai kamata a kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Ta sa aka juya mata shimfiɗa ta ba shi baya. Bayan wasu shekaru ciwon suga ya kama ta, aka duba ta a asibitin Jahun aka ɗora ta a kan allura, aka kuma ce maganin ba ya son zafi. A ƙauye babu inda za a ajiye shi, dole ta dawo wurinmu da zama. Muka ware wa 'yan kwalabenta ƙaramin kanta na jikin ƙofa, inda a da muke jera ƙwai.

Akwai wata bazara da na'urar raba wutar unguwarmu ta ƙone, muka daɗe a cikin duhu. Malam ya rasa inda zai sa kansa, domin idan maganin ya lalace ba a nan kusa ake samunsa ba. Ya riƙa zuwa kasuwa yana sayo ƙanƙarar da ake kawowa daga Kano cikin buhun ƙaiƙayi, mu zuba a cikin Mailafiya, mu rufe, mu lulluɓe shi da bargo. Aka kafa doka cewa ba mai buɗe shi sai lokacin allura. Ba wuta, ba gurnani, amma ya riƙe sanyin nan kamar ya san abin da ke cikinsa. Har aka gyara wutar kwalba ko ɗaya ba ta lalace ba. Daga nan Dada ta sauya. Kullum da safe idan ta idar da lazimi sai ta sa silifarta ta je ta goge masa jiki da tsumma, ta tambaye ni ko ya kwana lafiya. Ta kai shekaru tana wannan hidima kafin Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta. Bayan rasuwarta ba wanda ya ce a bar kantan nan, amma ba wanda ya sake ɗora ƙwai a kansa. Haka ya zauna fayau har ranar Talatar nan.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a mun ji labarin firji da yawa a gari da sai da aka kwashe cikinsu cikin gaggawa, aka wanke su da sabulu. Mailafiya bai buƙaci tuba ba. Sau ɗaya aka taɓa gwada shi, lokacin da wani maƙwabcinmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda yanzu shi ne a sahun gaba, ya aiko da wasu kwalabe a naɗe cikin jarida ya ce maganin basir ne. Na sa su a ciki da zuciya ɗaya. A ranar aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai da mai maganin ya gaji ya aiko aka karɓar masa kayansa da ɗuminsu. Malam ya ce sa'a ce kawai. Ni dai na san halin marigayin.

Ya ga zuwan na zamani, ya kuma ga tafiyarsu. Da Malam ya sami ƙarin girma muka koma gida mai falo, sai ya sayo wani dogon firji mai ƙofa biyu, mai sheƙi, wanda fitila ke kamawa a cikinsa idan an buɗe. Aka matsar da Mailafiya kusurwa aka ba baƙon wuri mai kyau. Ya ci gaba da zuuuu ɗinsa. Ba a rufa shekara ba wata rana wuta ta zo da ƙarfi, dogon ya yi ƙara ɗaya ya fitar da hayaƙi, shi ke nan. A wannan rana talabijin ta bi shi, haka ma injin markaɗen da aka kawo min tsaraba. Mailafiya kuwa ya yi tari sau biyu, ya girgiza kafaɗa, ya koma bakin aikinsa. Dogon yana nan har yanzu a ɗakin Faisal, takalma ake ajiyewa a ciki.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da shigowar zafin bana. Muka lura gurnaninsa ya sauya, ya koma "Gur... gur... ƙyat," sai ya tsaya, sai ya sake yunƙurawa. Ya fara gumi ta ƙasa, ruwa yana bin siminti. Muka kira Sani mai gyara, wanda a tsawon zamanmu sau ɗaya ya taɓa zuwa dominsa, shi ma robar ƙofa ya sauya. Ya durƙusa a bayansa ya kasa kunne, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ƙara masa iskar gas. Da zai tafi ya ja Malam gefe ya gaya masa cewa injin ne ya gaji, irinsa kuma an daina yi, ko a Kano da wuya a samu. Ya ba da shawarar a rage masa aiki.

Mun so mu bi shawarar, sai dai a makon ne za a yi sunan ɗan farin Nana Aisha, wadda ta zo wankan gida. Dangi za su zo daga Aujara da Jahun da Miga, ga rana kamar ta sauko ƙasa. Na tsaya a gabansa da ƙullin zoɓo da kunun aya cike da bahon wanka, ina jin nauyin abin da zan roƙa. Na jera su a hankali na rufe ƙofar. Ya ɗauka da ƙyar, jikinsa yana rawa har kofunan da ke kansa suna kaɗawa. Ranar suna da safe na buɗe na tarar kowane ƙulli ya daskare kamar dutse. Mata suka sha, maza suka sha a waje, har aka ƙulla wa masu tafiya guzuri. Ba wanda ya san halin da yake ciki sai ni da Malam.

Washegari da hantsi ina shara a falo na ji ya ce, "Zuuu... tsak." Na ɗaga kai na ga fanka tana juyawa, wato wuta tana nan. Na jira ya sake tashi. Na ajiye tsintsiya na cire silifata, na jiƙa hannu a buta na kama marfinsa. Bai ja ni ba. A nan na zauna a ƙasa na kira Malam.

Ya rasu ya bar fanka mai tsaye, wadda wuyanta ya karye tun tuni take kallon gefe ɗaya. Da dutsen guga na gawayi, wanda ya girme shi. Da rediyon Malam, abokin zamansa na shekaru, wanda tun ranar ba a sami inda za a ɗora shi ya kama tasha sosai ba. Ya bar farantan ƙanƙara biyu, ɗaya a fashe. Ya kuma bar matan unguwa masu yawa da yanzu ba su da dalilin shigowa da la'asar, ina roƙonsu kada su daina.

Game da jana'iza, mun tuntuɓi limamin unguwarmu, Malam Sharhabilu. Bayan ya gama dariya ya share hawaye, ya bayyana mana cewa babu wanka, babu salla, babu sadakar uku, amma ya yarda marigayin ya yi wa masallacinsu hidima a watannin azumi, kuma ba laifi a ambace shi da alheri. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo har sau biyu da kurarsu, Malam ya sallame su tun daga zaure. An yanke shawarar cewa ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar za a ɗauke shi a mota zuwa Aujara, gidan Yaya Yahuza, wan Malam, inda zai ci gaba da zama a inuwa a matsayin ma'ajiyar irin gero da wake, tunda ƙofarsa har yanzu tana kamawa gam, ɓera bai isa ba. Ana neman majiya ƙarfi da za su taimaka a ɗora shi, ana kuma roƙon direba ya zo da igiya sabuwa.

Za a karɓi gaisuwa a gida har zuwa ranar, maza a ƙofar gida wurin Malam, mata a ciki wurina. Masu zuwa su yi mana haƙuri da ruwan da za a miƙo musu. Na randa ne.