Rasuwar 'Yar Shila, Jar Motar Yaya Muhyiddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake warin ƙonannen mai, ni Isyaku Maiwada na cikin garin Gaya, a madadin mahaifiyata Inna Hansai, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Shila, jar motar nan mai ƙofa biyu da kuka saba gani a ƙofar gidanmu. Ta cika ranar Lahadi da la'asar a busasshiyar fadamar da ke tsakanin Toranke da Gafasa, bayan zazzaɓi mai zafi na farat ɗaya. Masu cewa ai ƙarfe ne kawai, na ji ku. Ku riƙe bakinku har a share makoki.

Marigayiyar ba tawa ba ce tun asali. Ta yayana ce Muhyiddeen, wanda sana'arsa ita ce ɗauko motoci daga Kwatano. Duk motar da ya kawo sai ya sayar, ban da wannan, shi ya raɗa mata suna kuma. A tafiyarsa ta ƙarshe, wadda ya yi a cikinta, ciwon ciki ya kama shi a can, ya rasu, aka binne shi a ranar, a maƙabartar da babu ɗayanmu da ya san hanyarta. Bayan an yi addu'ar bakwai wani abokin sana'arsa ya tuƙo motar ya kawo mana. Inna ta san ɗanta ya rasu, ta karɓi gaisuwa har muryarta ta dishe, amma da ta ji ƙarar motar a ƙofar gida sai ga ta a tsaye, tana cewa a ɗora ruwan wanka. Baƙo ne ya fito daga ciki, ya miƙo mini makulli.

'Yar Shila ta kasance mai kunya a cikin gari, mai zafin nama a fili. Idan aka taka mata totur takan yi wani siririn fito, fiiiii, in aka sauya giya ta yi ajiyar zuciya, tsss. Sirrin ƙarfinta wani ƙarfe ne mai siffar katantanwa da ake kira turbo, wanda yake hura wa inji iska, shi ne kuma ciwonta, domin in ta yi gudu yakan yi zafi har ya yi jajir. Saboda haka Yaya bai taɓa kashe ta da isowarsa ba. Sai ya zauna a ciki, injin yana silo, baƙin mai yana zagayawa, har ta huce. In ya zare makulli ma fankarta ba ta tsayawa nan take, sai ta ci gaba da huuuu ita kaɗai, sannan ƙarfen ya shiga tik, tik, tik, a hankali har ya yi shiru. Da wannan numfashi Inna take sanin lokacin kwashe tuwo.

Ranar da na fara fita da ita, Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Isyaku, in ka dawo da ita, ka bar ta ta yi numfashinta yadda yake bari." Tun daga ranar ba ta sa hannu a abincin dare sai ta ji shi. Tsohuwa ce mai shan magani, maganin kuma ba ya shiga cikin da babu komai. Kun ga ke nan ba mota kaɗai nake kiwo ba. Ko kujerar ban taɓa matsarwa ba, tana nan a tsawon ƙafar Yaya, ni gajere haka nake miƙe ƙafa ina neman birki, samari suna yi mini dariya.

Allah ya gani, na kula da ita. Ruwan rijiya bai taɓa shiga lagiretonta ba, sai koren ruwan nan da nake sa a sayo mini daga Kano. Lokacin sussuka da kaina nake durƙusawa in tsince ƙaiƙayin da ya toshe mata hanci. Kabo bakanike ya taɓa cewa a cire mata ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa, wai don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Na ce masa ya fara cire na motar ubangidansa tukuna.

Ga yadda ajali ya zo. In an kwashe amfanin gona, samarin Gaya da na Ajingi sukan jera tsofaffin tayoyi a fadamar nan, su fitar da da'ira, a yi tsere. Yaya yana kai ta, yana cewa mota irin wannan in ba ta miƙe ƙafa ba ciwo take yi, ni ma na ɗora. Ranar Lahadin nan rana ta buɗe, ko iska babu. Muka yi ta zagaye, tana shan kwana tana fito, duk ta bar su a baya. Can na ga allurar zafi ta fara hawa. Ban yi gardama da ita ba, na saki totur, na yi zagaye guda a hankali don ta sha iska, na gangara bakin hanya na tsaya, na ɗaga bonet, na bar ta a silo kamar kullum.

Sai ga makara ta ɓullo daga Toranke, a daidai hanyar da na tsaya. Samari duk suka kashe injinansu, suka cire huluna da tabarau, fili ya yi tsit. Motata kaɗai ke gurnani. Dattawa suna matsowa da gawa a kafaɗa, suna kallona. Na san ba ta huce ba, wallahi na sani. Amma ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai bar inji yana ruri ana wucewa da mamaci ta gabansa? Na murɗa makulli.

Fanka ta ɗauka, huuuu, da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Ruwa ya tafasa a cikinta, tururi ya turnuƙe. A ƙarshen sahu akwai wani dattijo, daga baya na ji ana ce masa Baffa Abdulmumin, ɗauke da jarkar ruwan da za a kwaɓa ƙasar kabari. Ya ce, "Subhanallahi, yaro, motarka za ta kama da wuta!" Kafin in zagayo ya tuntsura mata jarkar gaba ɗaya a kan injin. Ba damar yi masa ihu, ga gawa ga furfura. 'Yar Shila ta ce ƙas, sau ɗaya. Ba tik, ba komai.

Da yake ruwan kabari ya ƙare a kanta, ni na karɓi jarkar na je rijiya na ciko. Na bi su maƙabarta, na naɗe hannun riga na kwaɓa ƙasa, na miƙa itace, na zuba wa mutumin da ko sunansa ban sani ba ƙasa da tafina. Ban samu yi wa Yaya haka ba. Na yi kuka a wurin har 'yan'uwan mamacin suna ba ni haƙuri.

Kabo ya duba ta ya ce kan injin ya tsage, turbo ya daskare, mai ya gauraye da ruwa ya koma kamar kunu. Ya ce zai iya dasa mata injin wata motar ta tashi. Na kai wa Inna maganar, ta tambaye ni ko muryar za ta dawo. Na ce a'a. Ta ce, "To a bar ta." Baffa Abdulmumin kuwa ya zo har gida da kwandon gyaɗa yana ba da haƙuri. Na yafe masa, taimako ya yi niyya, sai dai har yanzu ba na iya kallon hannunsa.

Marigayiyar ta bar taya guda ta safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da rabin galan na koren ruwa, da hular Yaya a aljihun ƙofa. Ta bar ni. Ta bar Inna, wadda tun ranar Lahadi ake kai mata tuwo ana dawowa da shi, in ban da shayi babu abin da ya ratsa maƙogwaronta. Ni kuma duk magariba ina jin fankar nan a ƙofar gida, sarai, har da tik ɗin. Matata Sadiyya ta ce injin markaɗen maƙwabta ne. Na leƙa, a kashe yake.

Game da jana'iza, liman ya ce babu sallah a kan ƙarfe, mun kuma bi. Ranar Asabar da hantsi 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo daga Wudil su ɗauke ta. Na so a yi abin da sassafe a ɓoye, Inna ta hana. Ta ce, "Wancan ba a nuna mini shi ba. Wannan babu mai fita da ita sai na wanke ta da hannuna." Don haka za a turo ta inuwar darbejiyar ƙofar gida, a ajiye wa Inna kujera. Matan unguwa da za su taya ta su zo da soso da sabulu, ruwan kuma ta ce a sirka shi ya yi ɗumi. Ta yi mini alkawari in an gama wankan, aka fita da ita tana kallo, za ta ci abinci. Duk mai zuwa gaisuwa, abin da nake roƙo ke nan, ku taya ni addu'a Allah ya sa ta ci.