Rasuwar Balaraba, Mai Jin Sirrin Matuƙa Jirgi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Malam Mijinyawa na Bodinga, tsohon mai share matakalar hasumiyar filin jirgi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bodinga da Shagari da Sifawa da Danchadi rasuwar rediyonsa, Balaraba. Ta cika ranar Litinin da hantsi a kan tabarmar zaurensa, tana da shekara goma sha shida, bayan jinyar mako uku, da sababbin batura a cikinta.

Ga waɗanda Allah bai nufa sun san marigayiyar ba, ita ba irin rediyon nan ba ce mai kiɗa da gaishe-gaishe. Baƙa ce, gajera, mai doguwar eriya, kuma abu ɗaya ta iya a duniya: jin abin da mai hasumiya da matuƙin jirgi suke faɗa wa juna. Wani baƙon injiniya ne ya bar wa Mijinyawa ita wata ranar Laraba a 1981, da aikinsa ya ƙare, saboda shekara uku Mijinyawa yana hawa masa da shayi bai taɓa zubarwa ba. Daga ranar ta samu sunanta. Da yake Bodinga ba ta da nisa da filin, in aka ɗaura mata waya a reshen darbejiyar ƙofar gida sai ta kama tangaran.

Babban abin da aka san ta da shi shi ne izinin tashi. Jirgi ba ya gusawa daga inda aka ajiye shi sai matuƙi ya kira hasumiya ya roƙa. Mai hasumiya ya karanto masa garin da zai nufa, da hanyar da zai bi a sama, da tsayin da zai hau, da wasu lambobi huɗu da za a riƙa gane shi da su. Sa'annan matuƙin ya biya duka, kalma bayan kalma, kamar ɗalibi a gaban malaminsa. In ya yi tuntuɓe a lamba ɗaya, a mayar da shi farko. Da Turanci ake yi, amma shekara goma sha uku a kan matakala sun koya wa Mijinyawa abin da ya samu, inda ya ɓace masa kuwa ya cike da nasa.

Bayan la'asar zauren kan cika. Balaraba ta gyara murya, ƙyarrr, ta ce “sitanbai”, sai kowa ya dubi mai gida.

“An ce shi dakata,” in ji Mijinyawa.

“Shi da jirginai?” in ji amininsa Mode, manomin albasa na Danchadi, wanda bai taɓa gajiya da wannan tambaya ba.

“Shi da jirginai da manyan da ke ciki.”

Wannan ne ya ɗaura zuciyar Mijinyawa da ita. A ƙasar nan kaf, nan kaɗai ya taɓa jin an ce wa babban mutum ya jira, ya kuwa jira, har ya amsa da “roja”, wato ya ji, cikin ladabi.

Marigayiyar ta yi zamani da rediyoyi masu yawa, amma ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa taki yana kan hanya ba. Gaskiyarta ce ma ta kai ta ofishin 'yan sanda a 1983. Wani ɗan takara ya sauka da safe, aka ce zai biyo mota ya gaisa da jama'a. Aka jera mutane bakin titi tun daga Bodinga har Shagari, makaɗa suka yi ta fama har fatar ganguna ta saki. Wajen azahar Balaraba ta ce ƙyarrr, ta karanto lambar jirginsa, ta ba shi hanya zuwa Ikko. Mijinyawa ya fito da tsintsiyarsa a hamata, don ranar hutunsa ma ba ya rabuwa da ita, ya ce wa jama'a, “Ku tahi gida ku ci tuwo. Wanda kuka jira ya ci nashi, ya wanke hannu.” Kafin 'yan jam'iyya su gama zaginsa sai ga jirgin ya ratsa ta bisa kawunansu. Aka kama Balaraba da laifin ɓata taro. Ta kwana biyu a kan kantar 'yan sanda, ba ta ce uffan ba, saboda babu wanda ya san inda ake kunna ta.

Shekara na zagayowa aka rage ma'aikata, sunan Mijinyawa ya fito a layi na biyu. Ya koma gonar gero. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, batur ya zama abin nema da sanayya. Balaraba ta ci tsofaffin batura da aka shanya a rana, ta sha daga baturin babur ɗin Mode, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ita ta riƙe wa mai gidanta mutunci: wanda gwamnati ta ce ba ta bukatarsa ko a shara, sai ga shi har daga Kajiji ana zuwa tambayarsa. Shekarar da mahaifiyar Mode ta yi kwana tara a sansanin alhazai, kullum ana cewa gobe, Balaraba ce ta faɗi gaskiyar sa'ar da aka ba jirginsu izini. Mode ya fita tsakiyar titi ba takalmi, yana ɗaga hula sama yana kuka, har ƙarar jirgin ta ɓace wajen gabas.

Ciwon ajalinta ya zo ne ta bakin ɗan gida. Abdulƙadir, ɗan ƙanen Mijinyawa, wanda ya girma a zauren nan har ya zama mai hasumiya da kansa, ya dawo daga kwas a ƙasar waje, ya zo gaisuwa. Ya zauna dab da ita, bai ko rage murya ba.

“Baffa, can manyan filaye an fara barin wanga kiran. Matuƙi na da na'ura gabanai. In lokaci ya matso, shi rubuta lambar jirgi da inda yake tsaye da inda za shi, shi aika. Hasumiya ta maido mai da izini a rubuce, hanya da tsayi da lambobin duka. Shi karanta, shi danna ya yarda. In yana so ma ta hiddo mai 'yar takarda.”

“To wa ka biya karatun?”

“Babu biyawa, Baffa. Abin da anka rubuta ba a jin shi baibai, kuma layin magana ya huta da cunkoso. Sauran magana dai ana yi da baki.”

“In anka ce shi jira fa? Wa ka ji?”

“Shi da na'ura.”

Mijinyawa ya ce, “Ashe sun samu hanyar da za su sha kunya a ɓoye.”

Abdulƙadir ya rantse cewa abin bai iso nan ba, kuma yadda ake ɗauke wuta ba ranar isowarsa. Amma magana ta riga ta shiga. Washegari Balaraba ta tashi da tari. Ta fara cin rabin lamba, tana haɗa matuƙi da mai hasumiya a murya ɗaya. Aka goya ta a babur zuwa Shagari wurin Maniru mai gyara, ya buɗe bayanta, ya ce tsohon batur ne ya zubar da ruwa ya cinye wayoyin, ga kuma kyankyasai sun yi gida har da jikoki. Iyalan marigayiyar ba su amince da wannan bayani ba. Kyankyasan nan sun shekara goma a ciki ana zaman lafiya. Baƙin labari ne ya kashe ta.

Ranar Litinin ta yi shiru tun asuba. Da hantsi ta ja dogon numfashi, shhhh, ta kawo lamba biyu daga cikin huɗu, ta tsaya. Mijinyawa ya jijjiga ta, ya buga ta a tafin hannu yadda ta saba, ya sauya batura, ya kira sunanta. Da ya ga jar fitilarta ta mutu, sai ya naɗe eriyar da hannunsa.

Ta bar mai gidanta, da matarsa Kulu, wadda ta ce yanzu ko a samu mai sauraron mutane a gidan nan. Ta bar Mode, da wayar da ke reshen darbejiya, da batura shida marayu, da wata ƙaramar rediyo 'yar zamani wadda ba ta gaji komai nata ba, don jiya ma ta ce man fetur ya wadata.

Za a yi mata sutura da tsohuwar rigar aikin mai gidanta, a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar a bayan rumbu. Liman Ummaru ya ce ba zai halarta ba, ya kuma ja kunnen kada wanda ya kuskura ya jera sahu. An karɓi wannan da biyayya, za a tsaya a warwatse. Maniru, wanda ya nemi a ba shi lasifikarta, ya sani ba a rabon gado kafin binnewa. Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a zaure, da baki kawai. Wasiƙar ta'aziyyar da Abdulƙadir ya aiko tana nan a rufe, ya zo ya ɗauki abarsa.

A ƙarshe, Malam Mijinyawa yana roƙon maƙwabta da masu wucewa, don girman Allah, in jirgi ya ratsa kada a ƙara leƙo zaure a tambaye shi ina ya nufa. Yanzu shi ma ɗaga kai yake yi kamar kowa.