Kwanona Mai Lamba Bakwai Ya Kama Aikin Gwamnati

Jama'a, yau da safe saura ƙiris a kulle ni saboda na taɓa kayana da hannuna. Ina kan hanyar zuwa Idu a nan Abuja, inda nake aikin lodi a wani sito, sai na tsaya a bakin titin da ya shigo Karmo, na dafa wani fallen kwano da ke jikin sabon shingen da aka kewaye bola da shi. Dafawa kawai na yi, irin wadda ake yi wa ɗan'uwa a gadon asibiti. Sai ga mai gadi da kulki.

"Malam, ba ka iya karatu ba ne? Kayan gwamnati ne!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na iya. Wannan bakwai ɗin da ka gani a jikinsa ma ni na rubuta."

Ya ɗaga kulkin. Faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, sai na yi masa dariya na wuce, amma wallahi zuciyata tafasa take yi.

Bari in koma baya, don mai karatu na Maitama, unguwar manya, ya gane. Falle ashirin da biyu ne, na saye su shekarar da na auri Hindatu, kuma sun yi mana rufi a wurare uku. Mu a irin unguwanninmu, ranar da ka wayi gari ka ga jan fenti a bangonka, ba ka zama jiran katafila. Guduma kake ɗauka ka hau ka kwance rufinka da kanka, don bango na masu rusau ne, kwano naka ne. Kowane falle kana rubuta masa lamba, ta yadda a sabon wuri zai koma kusa da maƙwabcinsa, ƙusa ta shiga tsohon raminta. Sabuwar huda sabon yoyo ce. Ƙusoshin kuma a miƙe su a kan dutse ɗaya bayan ɗaya, a zuba a gwangwanin madara. Ɗakin da muke haya yanzu da rufinsa muka same shi, shi ya sa nawa suka yi shekara shida a jingine a bayan ɗaki suna jiran ranarsu.

Ba zan ɓoye muku ba, sun yi 'yan rakiya. Akwai ƙofa wadda ba ta da gida, da kan fanka, da taya huɗu, da wani tsohon baho da na liƙe gindinsa da kwalta. Hindatu ta tsani bahon nan fiye da komai.

"Malam, kai da ɗan jari-bola bambancinku ɗaya ne," in ji ta, "shi yana sayarwa."

Na ce ajiya maganin wata rana.

Ta ce, "Ɓerayen da ke haihuwa a ciki ma haka suka ce."

Tana da gaskiyarta, don wurin take so ta kafa kaskon awara, kuma sau biyu tana kashe kunama a gindin ƙofar. Amma ina da mai goya mini baya, maƙwabcina Thaddeus, mai kula da furanni a wani katafaren gida a Maitama. Shi ya kawo mini ƙofar ma.

"Oga Dallatu, kar ka yarda," ya ce. "Can wurinmu duk sabon oga da ya shigo, madam zai ce tayil ɗin bai dace da labule ba. A fasa! Wanda aka sa bara-bara fa. Ƙofa, kujera, bahon wanka, duka waje. In ka tambaya a ce ba kuɗin kowa ba ne, na gwamnati ne."

Allah ya ƙara wa manyanmu lafiya. Su kam ba su da matsalar ɓera, don ba abin da ke kwana biyu a hannunsu balle ɓera ya saba da shi.

Ana nan sai mota mai lasifika ta zagaya unguwa. Wai an kafa Kwamitin Ƙawata Gari da Kawar da Tarkace, kuma wani Babban Baƙo zai zo buɗe Makon Tsafta. Duk wanda aka samu da tarkace a ƙasa bayan kwana uku, tifa za ta kwashe. Hindatu har da guɗa.

To, shelar cewa ta yi "a ƙasa". Mutanen Karmo kuwa ba a koya musu jin magana. Kafin azahar ta washegari duk abin da ke ƙasa ya koma sama. Tsohon firij, ƙafar keke, katifar da ta gama zamaninta, duk suna kan rufi. Ni da Thaddeus muka haura da fallayena, muka danne su da tayoyin nan huɗu da aka ce ba su da amfani. Unguwa ta yi fes, rufi yana nishi.

Abu ɗaya ne ya ƙi hawa sama, wato dutsen bolar da ke bakin titi, wadda shekara bakwai ana yi mana alkawarin kwashe ta. Tifofin da za su kwashe tarkacenmu ashe ba mai a cikinsu. Ɗan kwangilar da aka ba aikin shingen da zai ɓoye bolar daga idon Baƙo kuma wayarsa ta daina shiga. Ana gobe taro, Mai Girma Sakataren Kwamiti, Garkuwan Shara, Hasken Kwatoci, ya shigo da kansa yana share gumi. Ya duba ƙasa bai ga komai ba, sai Allah ya sa ya ɗaga kai.

"Na wane ne waɗancan?"

Na ce nawa ne, ranka ya daɗe.

"Madalla da ɗan ƙasa nagari! Aron kwana biyu za ka ba hukuma." Ya ɗan rage murya. "Ka san fa a fahimtarmu, saman rufi ma ƙasa ce."

Gaba kura, baya sayaki. Ni na sauko da su, ni na kai su bakin titi a kaina. Na roƙi masu aikin abu ɗaya tak, su jera su bisa lamba, su bi tsofaffin ramukan. Har gwangwanin ƙusata na miƙa musu. Suka yi dariya, suka ce sauri suke yi. Ina tsaye suka dinga huda su inda suka ga dama. Kwanon da na yi shekara goma sha tara ina lallaɓawa, a yini guda aka mai da shi rariya. Ban yi kuka ba, amma na koma gida na kasa cin tuwo.

Aka shafa musu shuɗin fenti. Washegari Babban Baƙo ya iso da jiniya, ya sauke gilashin mota rabi, ya yanke ƙyalle a jikin kwanona, aka tafa. A jawabi aka ce shingen na zamani ne, irinsa na farko a yankin. Gaskiya ne, ban taɓa ganin shingen da ya yi wa mutum ɗaya rufi sau uku kafin a ƙaddamar da shi ba.

Yau wata biyu ke nan da kwana biyun. Na je ofishinsu sau biyar, aka ce in kawo shaidar mallaka. Sai ruwan farko ya tsaya mini shaida, ya wanke fentin tas, lambobina suka fito da rubutun hannuna. Sha uku tana kusa da biyu, bakwai kuma a kife. Mutanen da suka kasa jera ɗaya zuwa ashirin da biyu, su ne ke tsara mana birni.

Shekaranjiya muka wayi gari da jan fenti a bangon layinmu. Mai gidanmu ya riga ya aiko cewa ranar Asabar zai zo ya kwance rufinsa. Karon farko ke nan da za a tashe ni ba ni da abin da zan ɗora a kaina. Da la'asar aka kece da ruwa, ɗakin ya fara yoyo daidai kan gado, sai na ji Hindatu daga ciki tana cewa, "Malam, ina tsohon bahon nan?"

Na kawo mata, ban tuna mata da maganarta ba, don namiji mai hankali ba ya cin nasara da baki. Jiya kuma da ta dawo daga kasuwa, na ga ta kwance bakin zaninta ta fito da wata lanƙwasasshiyar ƙusa da ta tsinta a hanya. Ta ɗora ta a kan dutse, ta miƙe ta da taɓarya, ta jefa a gwangwanin madara.

Saboda haka, Mai Girma Sakatare, in wannan takarda ta iso teburinka kafin a sauya teburin, ƙusa dai mun fara tarawa. Ranar Asabar kuma in ba a dawo mini da kwanona ba, ni da iyalina za mu tare a bayan shingen, tunda a duk Abuja nan ne kaɗai hukuma ta sa mai gadi a kan kayana.